Sashe na 405: Yadda Doka Ta Kira Ɗan Daudu Zauna-Gari-Banza

A cikin kundin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1960, akwai wani sashe da ba kasafai ake buɗe shi ba sai in lauya ne ko ɗan sanda mai gabatar da ƙara. Sashe na 405 ne, inda aka jera mutanen da doka take ɗauka a matsayin zauna-gari-banza. A cikin jerin har da namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a. Ba a ambaci sunansa ba, amma duk Bahaushen da ya karanta wurin ya san wanda ake nufi: ɗan daudu.

Akwai abin mamaki a wannan rarrabewa. Ɗan daudun da mutanen Kano da Katsina da Sakkwato da Birnin Kabi suka sani a tasha da bakin kasuwa yana cikin masu riga kowa tashi. Kafin motar farko ta cika ya hura wuta, ya fige kaji, ya ɗora tukunya. Ana iya ƙin ɗabi'arsa, kuma malamai sun daɗe suna ƙin ta, amma rashin aikin yi ba ya cikin abin da za a tuhume shi da shi. To ta yaya mai sana'a ya faɗa cikin jerin marasa sana'a? Amsar tana ratsa fiƙihu da bori da mulkin mallaka, har ta kai mu Indiya da Sifaniya.

Abubuwa uku da ake cuɗawa

Kafin a shiga tarihi sai an tsefe kalmomi, domin yawancin gardamar da ake yi a Facebook a kan wannan batu ta samo asali ne daga cuɗa abubuwa uku da magabata suka raba.

Na farko shi ne mata-maza, wanda littattafan fiƙihu suke kira khunsa: mutumin da aka haifa da halittar da ba ta fito sarai a ɗaya daga jinsin biyu ba. Wannan al'amari ne na halitta, babu laifi a cikinsa, kuma malaman Malikiyya sun yi masa hukunce-hukunce na gado da aure da tsayuwa a sahu. Duk wanda ya sauke Mukhtasar na Shehu Khalil a zaure ya san cewa da mas'alar gadon khunsa littafin ya rufe.

Na biyu shi ne luwaɗi, wato aikin da shari'a ta haramta ta kuma yi masa hukunci mai tsanani. Sai dai a mazhabar Malikiyya ba a tabbatar da shi sai da iƙrari ko shaidu huɗu, kamar zina, kuma wanda ya jefi wani da shi ba tare da hujja ba ya jawo wa kansa haddin ƙazafi.

Na uku shi ne daudu: namiji ya ɗauki maganar mata da rangwaɗarsu da ayyukansu. Larabawa suna kiran irin wannan mutum mukhannas, kuma an san shi tun a Madina. Hadisi ya zo da tsinuwa ga mazan da suke kwaikwayon mata da matan da suke kwaikwayon maza. Wani hadisin, wanda yake cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, ya ba da labarin wani mukhannas da yake shiga ɗakin Ummu Salama, har ranar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji shi yana siffanta surar wata mace ta Ɗa'ifa ga wani namiji, sai ya hana irinsa shiga wurin iyalinsa. A sharhinsa na Sahihu Muslim, Imam Nawawi ya raba mukhannas gida biyu: wanda haka aka halicce shi, ba shi ya ƙago wa kansa ba, wannan babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, wanda shi tsinuwar ta shafa.

Abin lura shi ne malaman da suka gabata ba su ɗauki taushin murya hujjar aikata alfasha ba. Sun ware halitta, sun ware ɗabi'a, sun ware aiki, kowanne da hukuncinsa.

Daga ina sunan ya fito?

Bayanin da masu bincike suka fi kawowa shi ne cewa Daudu kirari ne na mai riƙe da sarautar Galadima, kuma a cikin bori ana kiran iskan nan Ɗan Galadima da shi. Ɗan Galadima, a yadda 'yan bori suke siffanta shi, ɗan sarki ne kyakkyawa, mai son ado da caca da kyautar bajinta. Fremont Besmer, wanda ya yi nazarin borin Kano ya kuma wallafa littafinsa a 1983, ya lura da yadda 'yan daudu suke halartar wasannin bori, suna rawa, suna yin kari idan wannan iska ya hau dokinsa. Wannan ba ya nufin kowane ɗan daudu ɗan bori ne. Abin da yake nunawa shi ne dandalin bori yana cikin wuraren da suke samun sakewa, tare da mata masu zaman kansu da makaɗa da maroƙa.

Ga mutumin ƙasar Kabi wannan tarihi ba na nesa ba ne. Bayan da rundunar jihadi ta ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa sun ja da baya zuwa garuruwan fadamar gulbi irin su Augie da Argungu, suka ci gaba da turjiya ga Sakkwato da Gwandu kusan ƙarni guda. Sulhun da ake tunawa da shi sai a 1934 ya samu alamarsa, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da bikin kamun kifi na yanzu ya samo asali daga gare ta. A ƙasar da ta daɗe a wajen ikon daular, al'adun da suka girmi jihadi sun fi samun sararin numfashi. Yamma da Argungu kuma ga ƙasar Arewa, wadda iyakar Turawa ta raba biyu, Kangiwa a wannan gefe, Dogon Dutsi a gefen Nijar. A Dogon Dutsin ne Adeline Masquelier ta zauna a ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta littafin da ya fito a 2001 a kan yadda bori yake ja da baya a gaban sabon wa'azi. Wanda yake so ya fahimci ƙuntatar wurin zaman ɗan daudu sai ya fara fahimtar ƙuntatar wannan dandali, domin a inuwa ɗaya suke.

Tukunya da gidan mata

Abin da ya fi bori muhimmanci a rayuwar ɗan daudu shi ne kasuwa. Garin Hausa na ƙarni na 20 ya ginu a kan rabon aiki mai tsauri. Girki na mata ne, amma matan aure da yawa suna cikin kulle. A lokaci guda kuma titin mota da jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, sun cika garuruwa da baƙi: direbobi, 'yan kamasho, fatake, 'yan cirani, maza ne da ba su da matar da za ta dafa musu a garin. Tsakanin kulle da tasha sai aka samu giɓi. 'Yan mata masu talla sun cike wani ɓangare, zawarawa sun cike wani, 'yan daudu kuma suka kama nasu: soyayyar kaza, farfesu, shinkafa da miya, abincin da matafiyi mai ɗan kuɗi yake nema. Namiji ne, don haka babu mai hana shi kwana a kasuwa. Ya iya aikin mata, don haka yana da abin sayarwa.

Wuri na biyu shi ne gidan mata masu zaman kansu. Renée Pittin, wadda ta yi bincike a birnin Katsina a shekarun 1970, ta bayyana yadda waɗannan gidaje suke da tsari da shugabanci, da yadda 'yan daudu suke zaune a cikinsu ko a gefensu, suna girki, suna aike, wasunsu suna kawalci. A 1983 Gerald Kleis da Salisu Abdullahi suka wallafa wata maƙala a kan 'yan daudun Kano, inda suka fi kallon daudu a matsayin hanyar neman abinci ga wanda ya baro ƙauye ba shi da jari ba shi da dangi a birni.

Babu amfanin ƙawata wannan zamani. Ɗan daudu bai taɓa zama mai daraja a idon gari ba. Ana dariyar habaicinsa a gidan biki, ana cin girkinsa a tasha, amma ba a son ya fito daga gidan mutum. Idan ruwan sama ya yi jinkiri, hukumomin gari kan ba da umarni cewa mata masu zaman kansu su yi aure ko su bar gari, guguwar kuma takan kwashe har da maƙwabtansu 'yan daudu. Idan damina ta zauna sai a dawo, kowa ya kau da kai. Zama ne na raini da haƙuri a haɗe.

Ɗalibin da ya zo daga Amurka

Binciken da ya fi kowanne zurfi a kan wannan batu aikin wani ɗalibin digirin digirgir ne. Rudolf Gaudio ya zo Kano daga Jami'ar Stanford ta Amurka a farkon shekarun 1990 domin nazarin harshe, ya kammala kundinsa a 1996 a kan mazan da suke magana irin ta mata. A 2009 ya faɗaɗa aikin ya zama littafi mai suna Allah Made Us, wato Allah ne ya yi mu. Ya sauya sunayen mutanen da ya zanta da su domin kare su.

Darajar littafin tana cikin abin da ya ƙi yi: bai tura mutanen cikin akwatin da ya zo da shi daga gida ba. Ya tarar da mutanen da suke sallah da azumi, suke tara kuɗin aikin hajji, wasunsu ma sun yi zaman neman kuɗi a Saudiyya. Da yawa suna da mata da 'ya'ya, kuma suna ɗaukar aure da haihuwa wajibi kamar kowane Bahaushe. A tsakaninsu suna da zumunci mai tsari, babba ya zama uwa ga ƙarami, tsara su zama ƙawaye, ana yi wa juna biki da gudunmawa. Ya kuma rubuta cewa wasunsu suna neman maza, tare da wasu mazan da ba su da ko alamar daudu, kuma suna da zaurancen da suke ɓoye maganarsu a ciki. Wato abin da Nawawi ya raba a takarda, shi ma ya same shi a rabe a ƙasa: akwai ɗan daudun da ba ya wannan harka, akwai kuma mai yin ta da yake cikin babbar riga ba wanda ya taɓa zarginsa.

A nan ne kalmomin da ake shigo da su daga Turai suke kasawa. A jami'o'in can ana magana a kan "queer", kalmar da take nufin mutum ya ɗauki bambancinsa a matsayin tutar da zai tsaya a ƙarƙashinta ya nemi haƙƙi. Mutanen da Gaudio ya zauna da su ba su kafa ƙungiya ba, ba su nemi a sauya shari'a ba, ba su ce addini ya yi kuskure ba. Mai fafutukar da ya zo daga waje da mai wa'azin da yake cewa Turawa ne suka kawo daudu sun yi tarayya a kuskure ɗaya: dukansu sun ɗauki sunan waje sun liƙa wa abin da ya riga su zama a gari.

Asalin sashen

Abin da ya zo daga waje, a haƙiƙa, shi ne salon dokar. Kundin 1960 ya samo asali ne daga shawarar kwamitin masana shari'a da gwamnatin Sardauna ta gayyato a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. An gina shi a kan kundin Sudan, shi kuma na Sudan an gina shi a kan kundin Indiya na 1860 da Ingilishi suka tsara. Tunanin kama mutum saboda yanayin rayuwarsa, ba saboda wani aiki da aka tabbatar ya yi ba, tsohon tunani ne a dokar Ingila, wadda ta yi dokar masu gararamba tun a 1824. A Indiya kuwa, dokar 1871 ta umarci a yi rajistar mutanen da ake kira hijra, ta kuma tanadi ɗauri ga wanda ya fito titi cikin shigar mata a cikinsu.

Sifaniya ta bi wannan hanya ta nata ɓangaren. A 1933 ta kafa dokar zauna-gari-banza da ɓata-gari, a 1954 kuma gwamnatin Janar Franco ta ƙara masu neman jinsinsu a cikin jerin. An tsare wasu a wani sansanin aikin gona da ke Tefía a tsibirin Fuerteventura. A 1970 aka maye gurbinta da dokar da ta kira su haɗari ga al'umma, sai a ƙarshen 1978 aka cire su daga cikinta. Inda Sifaniya ta dosa bayan haka, har ta halatta auren jinsi a 2005, hanya ce da al'ummarmu ba ta bi ba kuma addininta bai yarda da ita ba. Abin da ya haɗa mu da ita shi ne dabarar dokar: idan tabbatar da aiki ya yi wuya, sai a hukunta kama.

A nan bambancin da ke tsakanin fiƙihu da sashe na 405 ya fito fili. Fiƙihu ya tsananta hukunci, amma ya tsananta hujja, ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma hukunta mai ƙazafi. Dokar zauna-gari-banza ta sassauta hukunci, ta kuma sassauta hujja har ya zama idon ɗan sanda ya isa. Wanda yake da katanga da mota ba ya shiga hannunta. Wanda sana'arsa take tilasta masa zama a fili shi take kamawa.

Daga 1978 zuwa 2014

Cikin shekaru kusan arba'in abubuwa suka taru suka rufe giɓin da ɗan daudu yake rayuwa a ciki. Kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da yaɗuwar wa'azi ta kaset da rediyo sun rage wa bori da gidajen mata wurin tsayawa. Daga 1999, da Zamfara ta buɗe ƙofa, jihohi 12 na Arewa suka faɗaɗa aiki da shari'a zuwa hukunta laifuka, har da Kabi da Sakkwato da Kano a 2000. An rufe gidajen giya da na mata masu zaman kansu, Kano kuma ta kafa hukumar Hisba a 2003. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa sababbin kundayen shari'a na wasu jihohi sun ɗauko ma'anar zauna-gari-banza ta 1960 kusan yadda take. Gadon Ingilishi ya shiga rigar shari'a ba tare da an tambaye shi daga ina yake ba.

A watan Agusta na 2007 an kama maza 18 a wani otel a Bauchi. Zancen da ya fara da zargin luwaɗi ya koma tuhumar shigar mata da zaman banza. A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren da shekara 10 ga masu shiga ƙungiyoyinsu. A cikin watan ne taron jama'a ya yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi ana tsakiyar sauraron ƙara, yana neman a hukunta mutanen da alƙali bai gama duba hujja a kansu ba.

Duk da haka ɗan daudu bai ɓace daga idon jama'a ba, sai dai ya koma allo. Finafinan Kano sun mayar da shi abin barkwanci, marigayi Rabilu Musa Ibro ma ya taka wannan rawa. Mutanen da ba za su yarda a gan su suna gaisawa da shi a titi ba suna zaune a falo suna dariyar kwaikwayonsa.

Wa zai rubuta sauran?

A Sifaniya masu bincike sun buɗe fayilolin kotunan da suka yi aiki da dokokin 1954 da 1970, suka gano su wane ne aka kama, me suke yi na sana'a, daga wace unguwa suka fito. Mu ma muna da inda za a duba: Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da littattafan kotunan alƙalai, da tsofaffin direbobi da masu abinci na tashoshin Argungu da Jega da Birnin Kabi da har yanzu suke da rai. Manyan ayyukan da aka ambata a sama sun tsaya ne a Kano da Katsina da Dogon Dutsi, kuma yawancin marubutansu baƙi ne. Ɗalibin tarihi ko na nazarin zamantakewa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi ya fi su jin karin harshen, ya fi su sanin abin da habaici yake ɓoyewa. Abin da yake gabansa shi ne tsoron kada a ce batun da ya zaɓa ya nuna halinsa.

Wannan tsoro sabo ne a al'adar iliminmu. Malamin zaure da yake karantar da gadon khunsa ko haddin luwaɗi ba a taɓa zarginsa da goyon bayan wani abu ba. An san cewa hukunci ba ya inganta sai an san abin da ake yi wa hukuncin. Alƙali da ɗan Hisba da ɗan jarida da malamin makaranta duk suna haɗuwa da wannan batu a bakin aikinsu, kuma abin da suka sani ko suka jahilta shi yake yanke makomar wani: yaro mai taushin murya da 'yan ajinsu suka saka a gaba, ko mai sayar da abinci da aka kifar masa da tukunya a kan zato. Wanda ya san cewa halitta daban, ɗabi'a daban, aiki daban, kuma ya san daga inda sashe na 405 ya fito, zai yi jinkiri kafin ya ɗaga hannu. A irin wannan shari'a, jinkirin nan shi ne abin da malaman farko suka yi wasiyya da shi.